Kujerar Da Ke Fuskantar Apu

Masu karatu, na ga saƙonninku a kan abin da na rubuta makon jiya. Wasu sun ce in auri Rory kowa ya huta. Wasu sun ce namijin da ya fara ce miki "zo mu yi karta" kafin ya ce "ina son ki" ba abin yarda ba ne. Wata baiwar Allah kuma ta tambaye ni wai karta ma sana'a ce? E, sana'a ce. Da ita aka yi min makaranta, da ita aka sake rufin gidanmu.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Kinga Halmi, shekarata ashirin da tara, a Adelaide aka haife ni. Mahaifina Andor ne sunansa, amma Apu nake kiransa, kamar yadda shi ma ya kira nasa uban da ya zo daga Hungary. Apu ɗan wasan birij ne kuma malaminsa. Kartar mutum huɗu ce, biyu-biyu, abokin wasanki yana zaune yana fuskantarki. Ba kya ganin katinsa, ba ku da ikon magana ko ƙifta ido, amma dole ki san abin da ke ransa. Apu ya bar karatun akanta yana saurayi saboda wannan wasa, kakata ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Ya wakilci jiharmu sau da yawa, daga baya ya buɗe kulob ɗinsa a saman wani shagon kafet a unguwar Glenelg. Rabin masu furfurar unguwar nan a hannunsa suka koyi riƙe kati. Bai iya yabo ba. In ya ce miki "ba laifi", to ki koma gida ki yi rawa.

Tun ina shekara sha shida nake zama a kujerar da ke fuskantarsa. Yanzu ni nake koyar da 'yan farko safiyar Litinin da Laraba, shi yana riƙe da ajin manya na Alhamis.

Rory Quilty kuma ɗan garin Hobart ne, dogo, mai jan gashi, rigarsa ba ta taɓa haɗuwa da dutsen guga ba. Shi ma da birij yake ci, masu hali suna ɗaukarsa ya zauna musu abokin wasa. A gasar Canberra muka haɗu cikin zafin Janairu, don a nan lokacin ne bazara, ya lallasa mu, sannan ya biyo ni wajen shayi ya ce katin da na fara jefawa shi ne mafi kyau da ya gani a ranar. Na ce to me ya hana shi aiki? Ya ce, "Ni." Na so in ji haushi, dariya ta riga ni. Kafin sanyi ya shigo ya tattaro ya dawo Adelaide, wai a nan aikin ya fi. Kowa ya san wane aiki.

Saƙon da ya tayar da ƙura kuwa, ga shi yadda ya turo:

"Tambaya biyu gare ni. Ta farko: gasar zaɓen 'yan wasan ƙasa mai zuwa, ki zauna da ni. Ta biyu ba ta waya ba ce."

Ranar Juma'a da yamma ina kicin ina yanka albasa, Mami tana juya kazar nan mai jan barkono da ta koya wurin kakata. Ana yayyafi, hitar ɗumama ɗaki tana ta ƙara a falo, Apu yana can gaban talabijin da rigar sanyinsa mai ruwan ƙasa, wadda aka yi wa faci da fata a gwiwar hannu. Mahaifiyata Noelene tsohuwar malamar firamare ce, kuma har yau in za ta yi miki faɗa sai ta cire tabarau ta rataye shi a wuya. Ina ganin ta cire na san an zo wurin.

"Na ga saƙon," ta ce.

"Mami! Wayata kike buɗewa?"

"A kan firij kika bar ta, ta yi haske, ni kuma ba makauniya ba ce. Tambaya ta biyu, ki ce masa e. Yaron yana da hankali, yana cin abinci kamar mutum, yana wanke kwanonsa. Guga dai za ki sha."

"Ta farkon fa?"

Ta rage wuta, ta leƙa falo, ta rage murya. "Ki aure shi gobe in kina so, ni zan ɗinka rigar. Amma kujerar ubanki ba za ki bar ta ba."

"Mami, ba mu ƙara cin komai a gasa ba tun bara. Kin sani."

"Na sani mana. Kofi nake nema? Kofuna sun cika min kabad, ƙura kawai suke tarawa. Mutumin nan in ya tashi da safe abu ɗaya yake tambaya, yau ina za mu yi wasa ni da Kinga. Ranar da kika zare masa wannan, me zai tashi ya yi?"

Ba ƙarya ta yi ba. Ku bari in faɗa muku abin da ban faɗa ba a baya. Apu ya fara mantuwa. Ba irin ta makulli da tabarau ba, wannan kowa yana yi. Mutumin da zai zayyana miki katin da aka raba a wata gasa tun kafin a haife ni, ɗaya bayan ɗaya, yanzu sai ya manta yarjejeniyar da muka shekara goma muna wasa a kanta. Watan jiya ya koyar da darasi ɗaya a ajin Alhamis sau biyu a jere, har da barkwancin da ke ciki. Tsofaffin nan suka sake yin dariya a daidai wurin da suka yi a makon farko. Beryl, wadda ta fi kowa daɗewa a ajin, ta tare ni a matakala ta matse min hannu ta ce, "Darasi mai kyau ai ba ya tsufa, 'yar nan." Na shiga banɗaki na daɗe ban fito ba.

"Ina son in gwada kaina, Mami," na ce. "Sau ɗaya dai. In ga iyakata."

"Shekararki nawa? Gasa ba ta ƙarewa. Uba kuwa..." Ba ta ƙarasa ba, ta mayar da tabarau. "Miƙo min kirim ɗin nan."

Na tura wa Rory: "Ka ba ni lokaci." Ya amsa: "Wacce daga ciki?" Na ce: "Duk biyun." Ya turo hoton karensa ya kwantar da kai a kan takalmi.

Washegari Asabar aka yi gasar wata-wata a kulob ɗinmu. Na sa baƙin siket da shuɗiyar rigar ulu, na ɗaure gashi baya saboda Apu ya tsani ganin mutum yana wasa da gashi a tebur. Shi kuwa sai da ya ɗaura nakatayal a wuya, kamar kullum in za a yi gasa, ko ta cikin gida ce. Ɗakin ya cika, tagogi sun yi gumi, ƙamshin shayi da jiƙaƙƙun riguna ya gauraye. Da safe mun yi wasa lafiya. Akwai wani hannu ma da Apu ya buga wanda ya sa wani tsoho ya ajiye katinsa ya ce, "Andor, kai dai maye ne." Na ji zuciyata ta yi sanyi. Na ce ko dai ni nake zuzuta abin.

Bayan hutun rana aka juyo da Rory teburinmu. Yana tare da Misis Aldous, matar wani mai gonar inabi, wadda take ɗaukarsa duk Asabar. Ta zo da zobba a kowane yatsa da gyalen siliki mai ruwan zuma. Rory ya gaida Apu da girmamawa, ni kuma ya ɗaga min gira ɗaya kawai.

"Yaro, ka karya kumallo dai ko?" in ji Apu. "Ba na son cin mai jin yunwa."

"Na ƙoshi, Malam Halmi. Ka ci da hujja."

Aka raba. Wasan ya faɗa hannun Apu, don haka bisa doka ni na shimfiɗa katina a tebur shi yake sarrafa su, aikina in zauna in yi shiru. Doka ta farko da nake koya wa 'yan Litinin ita ce, in aka jefa wani irin kati, misali zuciya, kina da irinsa a hannu, dole ki bi. Misis Aldous ta jefa katin zuciya. Apu ya dubi hannunsa ya jefa wani iri daban ya cinye zagayen.

Abu ɗaya doka ta yarda wanda ya shimfiɗa katinsa ya yi, shi ne ya tambaya. Na daɗe ina amfani da wannan dama, kusan duk wasa.

"Babu zuciya, Apu?"

"Babu," ya ce, ko sake duba hannunsa bai yi ba.

Aka yi zagaye biyu. A na uku Apu ya zaro bakwai ɗin zuciya ya ajiye a tsakiyar tebur, hankalinsa kwance.

Na ga katin. Misis Aldous ta gani, ta yi sauri ta hau gyaran gyalenta tana kallon silin. Ita ma tsohuwar ɗalibarsa ce. Na dubi Rory. Duk abin da ido zai iya roƙa na roƙa. Ya dube ni, kunnuwansa suka yi ja kamar gashinsa. Sai ya ɗaga hannu.

"Alƙali, don Allah."

Masu karatu, a kulob ɗin nan ana kiran alƙali sau goma a wuni, ba wanda yake ɗaga kai. Amma ba a taɓa kiransa a kan Andor Halmi ba. Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar tukunyar shayi ana ji. Alƙalin, wanda Apu ne ya koya masa dokokin da bakinsa, ya taho kamar mai zuwa jana'iza.

"Rory, bar shi mana," Misis Aldous ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni ban ga komai ba."

"Ni na gani," ya ce.

Aka buɗe katunan baya. Apu ya kalli bakwai ɗin nan, ya kalli zagayen da ya ƙi bi, ya daɗe yana kallo.

"Gaskiyarsa ne," ya ce. "Yanke hukuncinka, Colin, kar ka tsaya kallona."

Aka cire mana zagaye biyu, wasan ya faɗi. Apu ya ƙarasa wunin bai sake kuskure ba, bai kuma sake barkwanci ba. Rory ya nufo ni wajen rataye riguna, na juya masa baya. Beryl ta wuce ta gabansa ta ce, "Wasu dai ba su da uwa a gida." Kafin mu sauka matakala labari ya riga ya kai wa Mami, don wayata ta yi ƙara: "Kar yaron nan ya sake taka min ƙofar gida." Ni ma na tura wa Rory nawa: "A gaban ɗalibansa? Ka san halin da yake ciki. Kar ka kira ni."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Ni na ja motar. Mun kusa gida Apu ya ce in sauka bakin teku. Na tsaya a wurin ajiye motoci na Brighton, muna fuskantar gadar nan da ta shiga cikin ruwa. Yayyafi ya ɗauke, wata mata tana jan kare, teku ya yi launin toka. Ya sassauta nakatayal ɗinsa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun yaushe me?"

"Kinga, ni na koya miki ɓoye fuska. Kar ki gwada a kaina. Tun yaushe kike tambayata babu kaza, babu kaza, kamar ɗan koyo?"

Na riƙe sitiyari. "Tun bara."

"Su Beryl fa?"

"Su ma."

Ya gyaɗa kai. "Ina lura. Sai in yi abu in ga mutum ya hau kallon silin. Na ɗauka rufin ne yake yoyo." Ya yi 'yar dariya, ni kuwa hawaye ya zubo min. "Share, ba na son wannan. Shekara arba'in ina gaya wa mutane, in abokin hamayya ya yi kuskure ka kira alƙali, ba rashin kunya ba ne, wasan ke nan. Ashe duk ɗakin nan ba wanda ya ji ni sai wanda ban koyar ba."

"Ya kunyata ka, Apu."

"Bakwai ɗin zuciya ce ta kunyata ni. Shi zama ya yi ya buga da ni kamar ina nan. Kin san rabon da wani ya yi min haka?" Ya juyo ya dube ni sosai. "Ya nemi ki zauna da shi a gasar zaɓe, ko ba haka ba?"

"Mami ce ta gaya maka?"

"Uwarki ba ta gaya min komai yanzu, sai in sha magani in sa hula. In da ni ne shi, da tuni na nema. Wawa ne in bai nema ba."

"Ba zan je ba."

"Saboda ni?"

"Saboda ba na so."

"Ƙarya kike. Tun kina 'yar sha shida, in za ki yi ƙarya sai kin taɓa kunne." Na sauke hannuna. "Ta da mota, sanyi nake ji."

Muna shan kwanar layinmu na hango tsohuwar farar motar Rory a ƙofar gida. Yana tsaye a ƙasan baranda kusa da bishiyar lemon tsami, gashinsa a jiƙe. Mami tana sama ta tare ƙofa, da ƙyallen girkinta a ɗaure a ƙugu, tabarau a wuya. Da ganin yadda suke, sun daɗe a haka.

"Na ce masa ya tafi," ta ce tun kafin mu fito. "Ya tsaya min kamar turken waya."

Rory bai dube ni ba. Wajen Apu ya nufa kai tsaye. "Malam Halmi, ba haƙuri na zo bayarwa ba. In aka sake, zan sake kira. Na zo ne kar ka ɗauka na gudu."

"Ji min ɗan banza!" in ji Mami.

"Da haƙuri ka zo bayarwa da na sa maka tiyo," Apu ya ce. "Shigo, kana jiƙa min ciyawa. Noelene, matsa."

Ta matsa, don a gidan nan ba a taɓa musu da Apu a bakin ƙofa ba, sai an shiga ciki. Ya wuce ɗakin cin abinci, ya janye kwanon lemo daga kan tebur, ya buɗe durowa ya ɗauko karta sabuwa. Ya zauna a inda ya saba, bayansa ga taga. Na nufi kujerata ba tare da tunani ba.

"A'a," ya ce. "Ke nan." Ya nuna kujerar gefe. "Kai kuma can, ka fuskance ta. Ina son in ga ko kun iya jin juna, ko kallon juna kawai kuka iya. Noelene, zo ki zauna gabana."

Mami ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Rabonta da kati tun shekarar farko ta aurensu, ranar da ya gyara mata wasa a gaban baƙi ta ajiye ta ce ta gama har abada.

"Ni? Yanzu ka tuna da ni?"

"Ke kaɗai ce ba za ki ji tausayina ba."

Rory ya ja kujerarsa ya zauna, ya ɗora manyan hannayensa a kan tebur. A karo na farko tun rana ya ɗago ya dube ni. Har lokacin ina jin haushinsa, kar ku ɗauka ya wuce. Amma ƙafata ta riga ta fara tafiya. Na kai hannu zan ja kujerar da Apu ya nuna min, sai Mami ta riga ni, ta dafe bayanta da hannu biyu.

"Kinga, ki yi tunani. Yau wasa ne a gida, gobe ke da shi kuna Canberra, kuna Sydney, kuna ƙasar waje. Wa zai zauna da shi? Kin ji dai abin da likita ya ce, kar a canza masa abin da ya saba. Da kunnenki kika ji."

Ta faɗa kafin ta ankara a gaban wa take faɗa. Gaskiya ne na ji. Farkon watan nan muka je mu uku, Apu a tsakiyarmu da nakatayal ɗinsa. Shi ya yi ta yi wa likitar tambayoyi, shi ya nemi ta faɗi sunan ciwon ƙarara, har ya gode mata da muka tashi. A mota ya ce kar a sake tayar da maganar, ba mu kuma sake ba.

Apu yana cikin raba kati, ya kai rabi. Ya tsaya da kati ɗaya a hannu, ya dubi Mami, ya dube ni, da fuskar nan tasa ta malami mai jiran amsa.

"Wane likita?" ya ce.